Kurame Biyu a Gidan Haske

Ina aji biyar a firamare lokacin da aka zaɓe ni in wakilci makarantarmu ta Kebbe a gasar harhaɗa kalmomin Turanci da za a yi a Tambuwal. Malaminmu ya ba ni doguwar takarda ya ce in haddace.

A gidanmu, da an gama tuwo bayan magariba, mukan kewaye murhun Kaka Tumba, mahaifiyar babanmu. Lokacin girbi ne, tana gasa mana gyaɗa a cikin toka tana ba mu tatsuniya. Kwana uku ban zauna ba. Ina can gefe da takardata ina fama da wasu kalmomi biyar: light, night, fight, right da sight. Kullum in na rubuta sai na manta g da h, domin ba a jin su a baki.

Rana ta huɗu ta kira ni.

"Ƙawata, mi na yi miki kika guje ni?"

Na ce, "Kaka, tatsuniya ba ta cin gasa."

Ta ci gaba da juya gyaɗa. Can sai ta ce in matso in karanta mata abin da ya fi tatsuniyarta. Na karanta. Ta sa na maimaita, sannan ta tambayi ma'anar kowace. Na ce haske, dare, faɗa, daidai, gani. Na kuma yi mata ƙorafin haruffa biyun da ake rubutawa amma ba sa magana.

"Waɗanga ai 'yan ɗaki guda na," in ji ta. "Zamna. Ga wata nan tafe da ƙafarta."

Muka ce ta iso mu ji ta.

Ta ce Haske da Dare wa da ƙane ne. A tsakar gidansu akwai tsoffi biyu kurame, ba sa ji, ba sa cewa komai, sai dai duk inda yaran za su, suna tsakiya riƙe da hannuwansu. Wata rana Faɗa ya zo baƙunta, ya ce wa Haske, "Kai ne babba, don me Dare zai raba duniya da kai?" Ya zagaya ya faɗa wa Dare haka. Suka kaure, gari ya rasa wayewa ya rasa rufewa, manomi bai san lokacin fita ba, kaza ba ta san lokacin shiga akurki ba. Sai ƙanwarsu Gani ta ruga ta kira Daidai. Da ya zo bai yi doguwar shari'a ba. Ya ce kowa ya duba wanda ke riƙe da hannunsa. Suka duba, sai ga tsoffin nan biyu, har a hannun Faɗa. Ashe shi ma ɗan gidan ne. Kunya ta kama su, suka raba yini biyu. Nan ta ce ƙurunƙus, ta miƙo mini gyaɗa.

Ranar gasa babanmu ya goya ni a babur har Tambuwal. Na wuce zagaye biyu. A na uku aka ba ni bright, kalmar da ban taɓa gani ba, amma na ji muryar gidan, na sa kuramen, g da h, a tsakiya, aka tafa mini. Muka rage mu uku. Sai aka ce white. Ban ko yi tunani ba, na sake sa su. Alƙalin ya girgiza kai.

Na yi kuka har muka wuce rabin hanya. Da muka iso na faɗa jikin Kaka na ce tsoffinta ne suka kayar da ni.

Ba ta kare kanta ba. Ta share mini fuska da bakin zanenta ta ce, "Laifina na. Ban gaya miki ba kowane gida ad da tsoffi ba. Gobe ki kawo mini marayun kalmomin da ba su da tsoffi, mu san abin da za mu yi da su."

Na kawo. Har na gama firamare muna haka, ni da takarda, ita da labari.

Shekaru da yawa na ɗauka Turanci ta taimake ni da shi. Sai da na zama malama a Tambuwal, na haifi tawa 'yar, na gane abin da ya faru. Kaka ba ta san ko baƙi ɗaya na boko ba. Ta ga jikarta ta kama hanyar da ita ba za ta iya bi ba, na kuma faɗa mata magana mai zafi. Tana iya yin fushi ta bar ni da takardata. Maimakon haka ta biyo ni da ɗan abin da take da shi.

Kwanan baya 'yata tana wasan cike gurbin kalmomi a waya, na yi mata magana sau biyu ba ta ɗago ba. Faɗa ya zo mini har bakin harshe. Na haɗiye shi, na ja tabarma kusa da ita, na ce ta nuna mini yadda ake yi.