Mama Mai Guga, Wadda Ba Ta Cewa "Da Sauƙi"

Ranar Laraba, tara ga watan Yuni, na zo shagon wanki da safe na tarar dutsen gugarki a sanyaye. Mai shago ya ce, "Mama ta tafi gida." Na ce to yaushe za ta dawo? Sai da ya sunkuyar da kai na gane gidan da yake nufi.

Mama, ban yi nisa a makaranta ba, ki yi haƙuri da rubutun.

Na zo garin nan ban san kowa ba, ban daɗe da binne jaririna ba. Na daina addu'a. A tunanina mai bin Yesu na gaske ba ya kuka, tunda ni kullum kuka nake, to Ubangiji ya cire ni daga cikin nasa.

Da na sami aiki a shagon, ke kika koya mini ninke hannun riga. Ranar da na ƙona wuyan wata farar riga kika ce, "'Yata, guga aka ce, ba gashi ba." Ranar na fara dariya a garin nan.

Amma kin ruɗa ni. Ƙafafunki a kumbure, kina guga a zaune kan kujera kina waƙa, kowa ya ce yaya jiki, ba ki taɓa cewa "da sauƙi" ba. Sai ki ce, "Babu sauƙi, amma Ubangiji yana nan." Ki ci gaba da waƙarki. Na ce Mama, ai ba haka ake amsawa ba. Kika ce, "In yi ƙarya a gaban wanda ya san ƙafar?" Na ce to waƙar ta mece ce? Kika ce, "Ƙafa ce ke ciwo. Shi bai tafi ko'ina ba."

Ban gane ba. Har yanzu ma ban gama ganewa ba. Kullum kina cewa in raka ki coci, kullum ina cewa sai na warke.

Jiya na je gaisuwa. Babbar 'yarki ta riƙe hannuna ta ce yaya haƙuri. Na buɗe baki zan ce da godiya, sai na ji na ce, "Babu sauƙi, amma Ubangiji yana nan." Ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ni ma haka. A nan kan tabarma muka durƙusa, na yi addu'a da bakina, ta farko tun rasuwar yarona.

Ubangiji Yesu ya karɓe ki cikin hutunsa, ya yi miki jinƙai. Ya ta'azantar da 'ya'yanki da jikokinki da mu 'yan shago. In kin ga ɗan nawa, ki goya mini shi.

Ranar Lahadi zan je coci, Mama. Ban warke ba, amma zan je. Na riga na goge zanina.