Ranar da Aka Ce Babana Ya Saci Zanensa

Babana ɗinki yake yi a Sabo, unguwar Hausawa a Ibadan, amma ba na keke ba. Aikin hannu yake yi a kan manyan riguna, kuma shi ke zana wa sauran masu aiki abin da za su bi da allura. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tabarma a ƙasa da benci ɗaya na baƙi. Tun ina yarinya nake ganin Yarabawa masu hali suna ajiye mota a bakin titi, su tako da yadi a hammata, su rusuna su gaishe shi, shi kuma ya amsa da Yarabancinsa da har yau bai miƙe ba.

Akwai zane ɗaya da ya fi fito da shi. Da kansa ya ƙirƙiro shi kafin a haife ni, a bayan takardar buhun siminti, a wata damina da aiki ya yi ƙaranci. Ya ɗauki aska takwas ɗin da kowa ya sani a gaban riga, ya lanƙwasa bakin kowace aska, ya sa suna gangarowa ɗaya ƙarƙashin ɗaya har su haɗu a aljihu. Masu ɗinkin unguwa suka sa masa suna gangaren Mokola, wato unguwar da ke maƙwabtaka da mu. Duk wanda zai yi shi sai ya zo Baba ya zana masa, ko ya aiko da goro ya ce zai taɓa nasa. Ba a rubuce abin yake ba, haka dai ake yi.

Ni a Sabo aka haife ni, na yi boko har difloma, ina jin Hausa da Yarabanci da Turanci. A lokacin ina aiki a wani shagon kayan waya a Mokola. Baba yana ce mini Mamana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Duk baƙon da ya zo masa da Turanci, ni ake kira.

Wata Asabar da hantsi aka kira ni. Na tarar da wani saurayi daga Legas, fes da shi, yana ƙamshin turare, da wata mai ɗaukar hoto a bayansa. Ya ce wani kamfanin kasuwar intanet ne na ƙasar waje ya turo su, suna yawo suna ɗaukar masu sana'ar hannu don duniya ta san da su. Har ƙasa ya durƙusa wa Baba. Suka shimfiɗa riguna uku suka yi ta ɗauka. Mai hoton ta roƙi a fito mata da tsohuwar takardar siminti, Baba ya zaro ta daga ƙarƙashin akwati yana jin daɗi, ta ɗauke ta gaba da baya. Da za su tafi saurayin ya miƙo wata faffaɗar waya, ya ce Baba ya sa hannu da yatsa.

Baba ya dube ni. "Mamana, me aka rubuta?"

Rubutun ƙanana ne, na ja shi sama sau biyu ban ga ƙarshensa ba. Saurayin yana murmushi yana duba agogo, ni kuma ina kunyar ya ga kamar ba na gane Turanci.

"Izinin hoto ne kawai, Baba. Sa hannu."

Ya sa. Wannan maganar tawa har yau in na tuna ta sai na ji haushin kaina.

Bayan kusan shekara na buɗe wa Baba shafi a manhajar da kowa ke saka hotuna. Da farko ya ƙi, ya ce shi mai son aikinsa ya san hanyar shago. Na lallaɓa shi. Ina ɗaukar rigunan da safe kafin rana ta yi zafi, in rubuta bayani da harsuna uku. Abin ya karɓu fiye da yadda na zata. Aka fara kira daga Abuja, daga Abekuta, har wani ango da ke Ingila ya yi odar rigar bikinsa da ta abokansa. Baba ya ɗauki mutum biyu suna taya shi, dukansu magidanta, ɗaya daga Zariya ɗaya daga Katsina. Ya daina cewa wayar banza. In na shigo sai ya ce, "Yau me mutanenki suka ce?"

Ranar wata Talata ina shago a Mokola, ina manna wa wata mata gilashi a wayarta, na buɗe shafin don in amsa wa wani kwastoma. Babu shafin. Sai wani farin allo da rubutu: an rufe saboda satar fasahar wani. Na ɗauka kuskure ne. Na duba imel, na ga an lissafo hotunan da aka yi ƙara a kansu, duka na gangaren Mokola ne. Wanda ya yi ƙarar kuwa kamfanin nan ne da ya turo saurayin.

Na nemo shagonsu a intanet. Ga zanen Baba nan a jikin wani Bature mai gemu, ga shi a jikin jaka, ga shi a kan matashin kujera. Sun sa masa wani suna na Turanci, sun rubuta a ƙasa cewa ƙwararrun masu zanensu ne suka fito da shi bayan nazarin al'adun Afirka ta Yamma. Ba Sabo, ba Ibadan, ba Hausa, balle sunan Baba. Na manna gilashin matar a karkace, ta ce da Yarabanci ko lafiya, na ce lafiya.

Na bar shago na hau acaɓa zuwa Sabo. Baba yana zaune da riga a gwiwa, zare a baki.

"Baba, sun rufe shafin."

"Su wa?"

"Masu manhajar. Wai an kai ƙara kun saci zane."

Ya cire zaren daga baki. "Wane zane?"

"Gangaren Mokola."

Ya yi dariya, dariya ta gaske, har mutumin Zariya ya taya shi. Da ya ga fuskata sai ya daina. Na nuna masa Baturen. Ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallo.

"Aska ta shida ba daidai take ba," ya ce. "Inji ne ya yi wannan." Ya miƙo mini wayar. "To, je ki gaya musu nawa ne. Ina ofishinsu yake?"

A duniyar Baba kowace rigima tana da wurin kai ta. In ta ɗinki ce akwai shugaban masu ɗinki, in ta fi ƙarfinsa akwai fadar Sarkin Hausawa, in ta kai ga hukuma akwai ofishin 'yan sanda da mutum zai shiga ya ga fuskar wanda yake magana da shi. Wannan kuwa wani ɗan akwati ne a waya da aka ce in rubuta ƙorafina a ciki, kar ya wuce layi kaɗan.

Na rubuta. Kafin in ajiye wayar amsa ta dawo: sun duba da kyau, hukuncinsu yana nan. Wa ya duba? Yaushe? Ko numfashi ban gama saukewa ba. Na sake rubutawa, na haɗa da hoton bikin kawuna, wanda aka ɗauka a gidan hoto tun kafin a haife ni, yana sanye da zanen ƙiri-ƙiri. Amsa iri ɗaya, kalma bayan kalma. Na tura hoton takardar siminti. Iri ɗaya. Sati uku ina wannan, ina ƙona data, ina magana da abin da ba ya ji. Duk lambobin kwastomomi da hirarrakinmu suna cikin shafin, sun tafi da shi. Angon Ingila ya nemi shafin bai gani ba, ya ɗauka 'yan damfara ne mu, ya shiga wani wuri a intanet ya rubuta haka, wasu suka yi ta yaɗawa.

Wata ƙawata Bayarabiya da muka yi makaranta tare ta kai ni wurin yayanta lauya. Mutumin kirki ne, bai karɓi komai ba. Ya nemo irin takardar da kamfanin ke ba masu sana'a, ya karanta mini a hankali. A ciki an ce duk abin da aka ɗauka, kamfani na da ikon amfani da shi, ya sauya shi, ya sayar, har abada, a ko'ina. In kuma rigima ta taso, a kotun ƙasarsu za a yi.

"Mahaifinki ya sa hannu a wannan?"

"Ni na ce ya sa."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce takardar ba ta ba su ikon hana Baba aikinsa ba, kuma in da za a je gaban alƙali mai adalci akwai magana. Amma masu manhajar ba alƙalai ba ne. Wanda ya riga kai musu takarda da tambarin lauya shi suke saurare, kuma kamfanin yana sayen talla a wurinsu, mu ba ma saye. Ya rubuta wasiƙa ya tura. Ba a amsa ba.

Na nemi lambar saurayin. Ya ɗauka, ya gane ni, har ya tambayi lafiyar Baba. Ya ce shi aikin wata uku ya yi musu, kowane mai sana'a da ya kawo ana ba shi wani abu, kuma shi ma sun sallame shi tuni. Na zage shi da Hausa, na zage shi da Yarabanci. Da na gama ya ce, "Sista, ni ma ban karanta ba."

Abin bai tsaya a shafi ba. Kamfanin ya fara sayar da zanen a matsayin fayil, duk mai injin ɗinki na kwamfuta zai saya ya loda. Aikin da ke cin Baba sati biyar, inji yana gama shi kafin a yi azahar. Kafin Babbar Sallah rigunan sun cika gari, a jikin yadi mai arha, da askar nan ta shida a karkace. Mutumin Katsina ya fara zama ba aiki, daga baya ya koma Kasuwar Bodija wurin ɗan'uwansa mai albasa. Ranar da zai tafi ya tsuguna ya roƙi Baba gafara kamar shi ya yi laifi.

Ina shagon Baba ranar da wani matashi ɗan gayu ya shigo da shadda mai tsada, ya buɗe waya ya nuna wa Baba hoton Baturen nan.

"Alaji, za ka iya kwaikwayon wannan? Na wani kamfani ne a waje. An ce kana ƙoƙari."

Ban taɓa ganin Baba ya ɗaga murya ga baƙo ba sai ranar. Ya miƙe tsaye, rigar da ke gwiwarsa ta faɗi.

"Kwaikwayo? Kai, tun ba a yi auren uwarka ba nake wannan aikin! Ɗauki yadinka."

Matashin ya fita yana cewa tsohon nan ya samu matsala. Ni na tsaya a bakin ƙofa ina kuka, ba na tausayi ba, na baƙin ciki. Yaron ba shi da laifi. Abin da waya ta nuna masa shi ya sani, kuma waya ta ce na Bature ne.

Da yamma bayan la'asar na durƙusa gaban Baba na gaya masa gaskiya, cewa ban karanta takardar ba, kunyar baƙo ce ta sa na ce izinin hoto ne.

"Na sani, Mamana. Na ga idonki ranar. Ni ma daɗin yabo ne ya ɗebe ni, da ban fito da takardar simintin ba." Ya tsinke zare da haƙori. "Amma wanda ya rubuta abu don kar a karanta, shi ne ɓarawon. Tashi."

Na tashi, amma ban huce ba, kuma ban ga dalilin hucewa ba.

Bayan wasu watanni saƙo ya shigo wayata daga kamfanin, da fara'a da alamun murmushi. Wai suna buɗe sabon sashe na aikin hannu zalla don manyan kwastomomi, suna neman ƙwararru a Ibadan da za su riƙa ɗinka musu zanensu. Za su turo yadi, a ɗinka, a manna tambarinsu. Ko sanin wa suke tura wa ba su yi ba, sunanmu ne kawai ke cikin jerinsu. Na karanta wa Baba. Ya ce in goge. Mutumin Zariya yana gefe yana ji, washegari ya same ni a Mokola, kansa a ƙasa, ya ce in taimaka in yi masa rajista, yana da 'ya'ya biyar a makaranta. Na yi masa. Wannan karon na karanta takardar har ƙarshe, na fassara masa kowane layi, ya ji duka, ya sa hannu.

Shafin bai dawo ba. Baba yana nan yana aiki wa tsofaffin kwastomominsa, waɗanda suka san hanya, kuma suna raguwa. Ya yi sabon zane bara, ya fi na da kyau a ganina, ya kuma hana kowa ɗaukarsa hoto. Na ce masa in ba a gani a waya ba, ba wanda zai zo nema. Ya ce ya ji. Riga biyu kawai ya yi da shi zuwa yanzu, ɗaya tana jikin limamin layinmu.

Ni kuwa yanzu ina da ɗan shagona na kayan waya kusa da Ojoo, kuma a manhajar nan da ta rufe mu nake tallar kayana, don can masu saye suke. Kowace safiya sai na buɗe ta. Wani lokaci tana jefo mini tallar kamfanin, da hannun mutumin Zariya riƙe da allura, an yanke hoton daga wuyan hannu. Ina danna cewa ba na son ganin wannan talla. Takan ɓace kwana biyu ko uku.