Zagayen Tsakar Gida Don Ƙafar Hagu

A shekarar da na tura iyalina Kano, saboda rikicin da ake yi a garinmu, ni na zauna gadin gidanmu a unguwar Abbaganaram, ƙafata ta hagu ta fara yi mini gardama. Da na yi 'yar tafiya sai sharaɓata ta ɗaure kamar an shaƙe ta da igiya. Yatsun kuma kullum a sanyaye.

Likitan da ya duba ni ya daɗe yana laluben bugun jini a saman ƙafar, bai samu ba. Ya ce, "Baba, hanyar jinin ta ƙuntata, naman ba ya samun abin da zai ishe shi. Ka bar sigari. Kullum ka yi tafiya har ciwon ya zo, ka tsaya ya lafa, ka sake tashi. In ka zauna lallaɓa ta, wata rana yanke ta za mu yi."

Ni mutum ne mai bin ƙa'ida. Sigari na bari a ranar. Washegari, da lokacin hana fita ya wuce, na kama hanyar Bulabulin. Ciwon bai tashi zuwa ba sai dab da shingen sojoji. Na tsaya cak, kamar yadda aka umarce ni. A kwanakin nan kuwa ba a tsayuwa a titi.

Wani soja ya gyara riƙon bindigarsa. "Kai tsoho! Wa kake jira?"

"Ranka ya daɗe, ƙafata."

"Wuce, ta same ka a gida!"

Na ja ta na wuce. Daga ranar na mayar da tafiyar tsakar gida. Nakan fara daga rijiya, in bi ta ƙofar ɗakin maiɗakina, in wuce na yara, in wuce biyu na 'yan haya da suka gudu, kowanne da kwaɗo a jiki, in dawo rijiya. Zagaye shida ciwon ke kama ni da farko. Sai in dafa bango in jira. Ba mai ce mini sannu, ba kuma mai kora ta. Damina ta shigo ina yin goma sha ɗaya, kafin ta fita na kai ashirin.

Da na koma asibiti, likitan ya sake ɗora yatsunsa. Ya ce bugun bai dawo sosai ba, amma ƙafar ta yi ɗumi, maganar yanka a ajiye ta tukuna.

Na fito na zauna kan benci, na ciro waya in gaya wa maiɗakina. An datse layukan waya a garin, sati na nawa ke nan. Na mayar da ita aljihu, na tashi, na taka zuwa gida. Sau biyu kawai na tsaya a hanya, nesa da shinge.