Jakar da Nake Ɗinkawa a Ikara

Shekarar da jakata ta fara ɓamɓarewa, na je Zariya don in sayi wata. Na zaga kasuwa tun hantsi har azahar, iri biyu kawai na tarar. Akwai na roba masu ƙyalli da ake zubawa a ƙasa, waɗanda ba sa kai wata uku. Akwai kuma na cikin gilashi, da mai shagon ya faɗa mini kuɗin guda sai na tuna buhunan masarar da maigidana zai sayar kafin in rataya ta. Irin da muka saba saye a da, mai kyau daidai ƙarfin malamar makaranta ko matar manomi, ta bi sahun na gilashin.

Ni tela ce, kayan mata nake ɗinkawa a zauren gidanmu a Ikara. Mahaifina kuwa baduku ne a Malikanchi, ya tsufa yana ɗinka takalma da kube. Maimakon in koma hannu wofi, sai na sayi jemammiyar fatar akuya, da zif, da yadin shafi, na wuce wurinsa.

Baba ya shafa fatar, ya shinshina ta.

"An jeme ta da kyau," ya ce. "Amma kekenki ba zai ci wannan ba. Zauna in nuna miki da basilla."

Idonsa ya yi rauni, don haka da yatsa yake bin ɗinkina. Inda ya ji ya karkace sai ya ce in warware. Sati uku ina zuwa ina komawa kafin jaka ta farko ta tsaya da gindinta.

Maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce daga kudancin Kaduna, Sista muke ce mata. Ita ta fara saye, ta riƙa zuwa aiki da ita, ran Lahadi ta tafi da ita coci. Wannan ya ba ni ƙarfin gwiwa na ɗinka guda shida, na kai kasuwar Makarfi. Na shimfiɗa tabarma kusa da masu silifa, na sa musu kuɗi kaɗan sama da na roba, don ina tsoron kada a ce na cika tsada. Mata suna ɗagawa suna juyawa. Wata ta tambayi kuɗin, da na faɗa sai ta ajiye.

"Fata ce a haka? Anya ba gwanjo ba ce?"

Guda ɗaya ban sayar ba. Da yamma na ba Sista labari, ta saurara har na gama.

"Maman yara, ke kika jawo," ta ce. "Kin ajiye su a ƙasa, kin kuma yi musu kuɗin kayan ƙasa. Mai neman araha roba za ta saya, ta fi ƙyalli. Ki nemi irinmu masu albashi, da masu haɗa lefe, mu da na gilashi suka fi ƙarfinmu amma muna jin kunyar roba."

Na bi shawararta da fargaba. Na sa kafinta ya yi mini kanta a zaure, na ninka kuɗin, na ɗinka wa kowace jaka 'yar rigar yadi da za a adana ta. Na kuma ce duk wadda zif ɗinta ya lalace ta dawo da ita in gyara kyauta. Malamai biyu suka saya, sai matar wani mai sayar da taki. Kafin kaka ta wuce, ana aiko mini da hoto ta waya daga Kudan ana cewa irin wannan ake so, amma ja.

Ana haka wani Alhaji mai shago a Zariya ya zo har zaurena. Bayan mun gaisa, ya zazzage wasu ƙananan ƙarafa masu ruwan zinare a kan kanta, kowanne da sunan kamfanin waje.

"Hajiya, aikinki ya yi," ya ce. "Ki liƙa musu wannan, duk abin da kika ɗinka ni zan kwashe. A gilashi zan sa su."

Na ce ya ba ni kwana biyu. Gaskiya raina ya biya, domin lokacin rufin ɗakinmu yana yoyo. Na je na faɗa wa Baba. Ya laluba cikin tsohuwar jakar kayan aikinsa ya ciro wani ɗan ƙarfe mai zanen tauraro, wanda yake buga wa takalmansa.

"Wanda takalminsa ya tsinke, da wannan yake gane inda zai dawo," ya ce. "In kin sa nasu, wa za a nema?"

Na mayar wa Alhaji ƙarafansa, na ba shi haƙuri. Tun daga nan kowace jaka tawa tana da tauraro a cikin murfinta. Rufin sai da ya ƙara damina ɗaya kafin mu gyara.

Bara ina cikin mota za ni suna a Kudan, wata mata da ban sani ba ta zauna kusa da ni, jaka ɗinkin hannuna a cinyarta, ta yi duhu don riƙo. Ta ga ina kallo.

"Ɗinkin Ikara ce," ta ce. "Shekara biyu ke nan ko zare bai tashi ba. Ki nemi matar, ba ta da arha amma ba za ki yi da-na-sani ba. Aibinta ɗaya, igiyar ta yi gajarta in mutum ya sa hijabi mai kauri."

Na ce mata na gode, zan neme ta. Har muka sauka ban faɗa mata ko ni wace ce ba. Washegari na ƙara wa ma'aunin igiyata taƙi ɗaya.