Kajijin Ya Fanna

Ya Fanna ta rasu.

Da safen nan ina shan koko jikarta ta bugo min waya daga Toranke. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Kokon yana nan a kofi har yanzu, ya sandare.

Yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba, mai zagina a kwament ya zaga. Matar nan ta tafi ba ta gama yafe min ba, kuma ita ce da gaskiya.

Ga waɗanda ba su san ta ba, Babarbariya ce, kakanninta sun daɗe da zama a garinmu. A ƙarshen zamanin Turawa na san ta, ina 'yar shekara takwas ko tara. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu, mace da namiji, kuma da sana'ar kajiji take ciyar da su.

Ku yaran yanzu a leda kuka san kajiji, wajen masu turaren wuta. To ciyawar fadama ce. Kara ne siriri kore shar, ba ganye, tsayinsa ya kai ƙirjin babban mutum, da ɗan fure ruwan ƙasa a ka. Ƙamshin ba a sama yake ba, yana can cikin taɓo, a wasu baƙaƙen ƙulalai na saiwa.

Ita ta koya min gane shi. "Murza karan a yatsunki, 'yar Malam. In ya mirgina, shi ne. In kin ji kusurwa uku, aya-aya ce, bar wa jakuna."

Ba ko'ina yake fita ba. Ba ya son ruwa mai gudu, sai inda ruwa ke kwanciya har bayan kaka, a baƙar laka mai ɗan kanwa-kanwa. Ya Fanna tana da irin wannan wuri a bayan wani kurmin goruba, gadon mahaifiyarta, ba wanda ya sani. Ba ta tonawa sai ruwa ya ja zuwa idon sawu. Ta ɗebi tsofaffin ƙulalai, babbar saiwar kuma, wadda take kira uwa, ta mayar ta danne da diddige don baɗi.

Ni kaɗai take zuwa da ni, saboda ba ni da uwa. Ita ke min kitso. In matsattsaku ya kama min ƙafa, ita ke shafa masa toka ya faɗi, tana min dariyar raki.

Babana malamin gona ne. Wata shekara wani Bature ya zo rangadi yana neman fadamar da za a gwada shinkafa. Ya ga kajiji a kasuwar Gaya, ya ce duk inda wannan ke fita ruwa na daɗewa, a kai shi. Aka kira Ya Fanna, ta ce ita wajen fatake take saye. Duk garin aka yi gum.

Sai ni. A ƙofar gidanmu Baturen ya nuna min gwangwanin biskit mai hoton fure a murfi. Ko biskit ɗin babu a ciki. Na shige gaba, shi da babana suna bina, har bayan goruba.

Aka tara maza suka sare kajijin. Sati biyu ya tofo kamar ba a taɓa shi ba. Sai aka ce a kawo matar da ta san saiwarsa.

Da hannunta aka sa ta tone gadon uwarta, wani ɗan doka tsaye a kanta da bulala. Ina wurin. Ƙafarta ta saba, tana ciro wata uwa sai ta mayar ta danne da diddige, ita kanta ba ta san ta yi ba. Ya zuba mata bulala a ƙauri, ya ce ta ciro. Ta ciro.

Aka tara shi tsibi guda aka cinna wuta. Kwana uku Toranke na ƙamshi kamar ɗakin amarya. Mutane na ta shaƙiyanci, wai bana har akuyoyi sun sha turare. Ni ma na yi dariya, ban manta ba.

Shinkafar kuwa kanwa ta ƙone ta. Damina biyu aka watsar da wurin, ciyawar kacala ta mamaye shi, kajiji bai sake fita ba. Baturen ya koma ƙasarsu da kara ɗaya da ya matse a cikin tsohuwar jarida.

Ya Fanna ta koma dakau a gidajen mutane. Dangin mijinta suka zo suka kwashe yaran, wai ba ta iya ciyar da su. Namijin ƙyanda ta kashe shi a can, sai bayan an binne aka aiko mata.

Ba ta taɓa ɗaga min murya ba, kitso ma ba ta daina min ba. Da aurena ya zo ita ta haɗa min turaren wuta, kwalba uku, ba kajiji ko ƙwaya. Mata suka yi ta tsegumi, ina aka taɓa turaren Barebari ba kajiji? Ni na gane, na ja bakina na yi shiru. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya ina koya wa 'ya'yan mutane faɗin gaskiya, shirun nan yana nan.

Ganinmu na ƙarshe cikin azumin da ya wuce ne. Na kai mata atamfa da sukari kamar kullum. Idonta ya tafi, amma kunne ras. Na ce, "Ya Fanna, akwai wata magana."

Ta ce, "Gwangwanin yana nan?"

Yana nan mana, allura da zare nake zubawa a ciki.

"Tun ranar na sani," in ji ta. "Kin zo kitso da baƙar laka a ƙafa. Lakar nan wuri ɗaya take a duk ƙasar nan."

Na durƙusa, da tsufana da ciwon gwiwata, na ce ta yafe min.

Ta daɗe tana shafa atamfar. Can ta ce, "Ta yarinta na yafe tuntuni, yaro bai san komai ba. Shekarun da kika yi da hankalinki kina kawo min atamfa, kina kallon ƙaurina, su ne ban gama ba. Ki dawo bayan salla."

Ƙaramar salla ta wuce, babba ta wuce. Yau gwiwa, gobe bikin jika, jibi hanya ba kyau. Duk ƙarya ce, tsoro ne ya hana ni, daga Kano zuwa Toranke ai ba Makka ba ce.

Kafin jikarta ta kashe waya ta ce, "Hajiya, ranar Juma'a ma sai da ta tambaya ko 'yar Malam ta zo."

Ya Allah ka jiƙan Fanna, ka haskaka kabarinta, ka haɗa ta da ɗanta a Aljanna inda ba mai raba su. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku. In addu'ar ta yi saura ku sa da ni, don ban san me ta shirya gaya min ba.