Odessa Tillman, Mai Rainon 'Ya'yan Dokin Teku

Kafin ta haɗa kofinta na safe, Odessa Tillman kan shiga ɗakin da a da take ɗinki, ta duba kwalabenta. Kwalaben lemo ne guda huɗu, an kife su a jikin katako, ruwan gishiri na ɓulɓula a ciki. A nan take ƙyanƙyasar ƙwan jatan lande, su fito ƙanana kamar garin barkono. Sai ta tace su, ta ɗauraye, ta bi akwatunan gilashin da ke jere a bango tana ɗiga musu. Sau huɗu a yini take yin haka, shekara ashirin da shida ke nan.

Masu cin abincin 'ya'yan dokin teku ne, wani ɗan kifi mai kai irin na doki. Ranar haihuwarsu kowanne bai fi gashin ido tsawo ba. Ba sa taɓa abin da ba ya motsi, kuma yunwar yini guda ta isa ta kashe su. Wanda ya hau sama ya haɗiyi iska ba ya iya komawa ƙasa.

Ba ita ta nemi aikin ba. Delbert Crews, masunci a garinmu na gaɓar Florida, shi ya tsinci namijin dokin teku mai ciki a komarsa, don a wurinsu namiji ke ɗaukar ciki. Ya san tana ajiye kifi a gida, sai ya sako shi a bokiti. Kafin ya iso ƙofarta, uban ya haihu.

"Anti Odessa, na kawo miki baƙi."

Ta leƙa bokitin ta ce, "Delbert, motar 'yan makaranta na tuƙa shekara talatin. Wa ya ce maka ni ungozoma ce?"

Duk da haka ta karɓa. Cikin kwana biyar suka mutu kaf, wajen ɗari biyu. Ta wanke akwatin, ta je ɗakin karatu ta aro littattafai, sannan ta aika wa Delbert cewa in ya sake samun mai ciki ya kawo. A karo na biyu bakwai suka rayu. Tun daga nan, da uban ya sauka Delbert kan mayar da shi inda ya kama shi, ita kuma ta riƙe 'ya'yan har su girma, ta ba masu kiwo a gida, don kada su je su ɗebo na teku.

Ni maƙwabciyarta ce, kuma ina wurin a shekarar da guguwa ta kore mu zuwa zauren wata coci a tudu. Kowa ya zo da bargo da takardunsa. Odessa ta zo da kula cike da kwalabe, a ciki jarirai ɗari da sittin, kwanansu uku a duniya. Babu wutar lantarki. Rana ta biyu batirin injin hura iska ya mutu, ruwan ya tsaya cik.

Delbert, da ke zaune a kan gadon tafi-da-gidanka, ya ce, "An ce rufin gidanki ya tashi, ke kuma kina nan kina ta kifi."

Ta ɗauko famfon keke ta miƙa masa. "Tunda iska ta yi maka yawa, zo ka zuba ta inda za ta yi amfani."

Ya yi dariya ya karɓa. Da hannunsa ya gaji, matar fasto ta karɓa, daga ita sai wani mai gyaran mota da ba mu ma san sunansa ba. Kwana huɗu ana karɓa-karɓa. Mutanen da ba su san ko gidajensu na tsaye ba suka riƙa durƙusawa a gaban kwalba suna tambaya, "Sun ci kuwa?" Ɗari da goma sha takwas ta koma da su gida.

Odessa, ke ce wadda ba ta taɓa raina rai don ƙanƙantarsa ba. Kin bar bukukuwa a tsakiya don lokacin ciyarwa ya yi. Kin amsa wayar baƙin da suka wayi gari akwatinsu cike da jarirai, kin ce musu su zauna, su yi numfashi, sannan kin faɗa musu abin yi ɗaya bayan ɗaya. Babu inda aka rubuta sunanki.

A watan jiya na shiga na same ta tana zuƙe dattin ƙasan akwati da bututu. Ta ɗauki bokitin za ta zubar, sai na hangi motsi a ciki.

"Tsaya, Anti. Akwai su a nan."

Ta sunkuya, ta daɗe tana dubawa. "Ina?"

Goma sha ɗaya ne. Na kwashe su da cokali na mayar. Ta zauna a kujera ta cire tabarau. Can ta ce, "Ban gan su ba, Lorene. Ko ɗaya ban gani ba. Wa ya san nawa na zubar jiya?"

Na ce likita zai iya canza mata tabarau. Ta girgiza kai.

"Ya riga ya gaya min tabarau ba zai gyara idon nan ba. Ni ce na ƙi ji. Gobe ki zo da motarki."

Yanzu akwatunan suna gidana. Kullum da hantsi takan tsallako titi da sandarta, ta zauna, ni in ƙirga da ƙarfi ita tana saurare. In na yi gaggawa ta ce in sake.

Mun gode, Odessa. Allah ya ƙara miki lafiya da kwanciyar rai. Ku kuma da kuka taɓa karɓar dokin teku daga hannunta, na san kuna da yawa: ranar Asabar tana koyar da ƙyanƙyasar ƙwai a gidana. Shekararta tamanin da ɗaya, kuma abin da ta sani ba a littafi yake duka ba. Ku zo ku koya tun tana iya gyara muku hannu.