Ranar da Baba Ya Ƙi Shuka Sai Na'ura Ta Yi Magana

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa, na sami aiki da masu auna ruwan kogin Haɗejiya. Ni ne mai rubuta wa kwamfuta lissafin lokacin da ruwa zai cika fadama. Kwamfutar kuwa tana birni. Sai in huda katunan da na'urar ke karanta lissafin a jikinsu, in ba direba ya kai, in zauna jiran amsa.

Bakina ne ya ja mini. Na cika wa mahaifina baki cewa bana na'ura za ta faɗi ranar zuwan ruwa. Shi kuma ya ɗauki maganar da gaske, ya ce ba zai watsa shinkafa a gonarsa ta wajen Auyo ba sai ta faɗa. Wanda ya san fadama ya san in ruwa ya tarar da shinkafa tana jaririya, shanye ta zai yi.

Direba ya dawo da takarda doguwa kamar rawani, babu lissafi ko ɗaya, sai ƙorafi. Akwai manhajar da ke duba rubutunka kafin na'ura ta taɓa shi, tana tabbatar da kowane suna da ke cikin lissafin an faɗi irinsa, lamba ce ko jeri. Ita ce ta ce nan na haɗa abin da ba ya haɗuwa, can na raba abin da ba lamba ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gyara layukan da lafiyarsu ƙalau, na sake aikawa. Ƙorafin ya ƙaru.

Maƙwabta duk sun shuka. Kullum Baba zai tambaye ni, "Malam, ta yi magana?"

"Tana kai, Baba."

Da na ga hadari ya haɗu ta gabas sai in fita bakin hanya ina duban direba.

Na hau mota na tafi birnin da kaina, wurin abokina mai kula da na'urar. Ya sa yatsa a kan ƙorafin farko. Kati guda ne ya faɗi daga cikin tulin katunan da na aika, wanda ke gabatar da jerin zurfin ruwa. Tunda manhajar ba ta san sunan ba, duk inda ta gamu da shi sai ta ƙirƙiro sabon laifi.

"Na farkon ne gaskiya," in ji shi, "sauran 'yan amshi ne."

Ko da na dawo da amsa, Baba ya riga ya gaji ya shuka a makare. Ruwa ya zo ya cinye ɓangaren kwari, muka tsira da na tudu. Bai taɓa yi mini gori ba, wannan kuwa ya fi gorin ciwo.

Daga baya ni da abokina muka zauna muka gyara manhajar. In ta kama sunan da ba ta sani ba sau ɗaya sai ta yi masa alama, duk abin da ya biyo ta dalilinsa ta haɗiye. Har yau in na ga allon kwamfutar wani yaro ya cika da jan rubutu, sai in tuna da kwarin nan, in ce masa ya fara daga sama.

Na yi wa Baba bayanin gyaran ina ta ɗoki. Ya saurare ni har ƙarshe yana ɓare gyaɗa.

"Wato kun koya mata yin shiru a kan abin da ba ta sani ba."

Na ce haka ne.

Ya ce, "Madalla. Saura kai."